Ƙarar sarƙa da yoyon baƙin mai: Shin mai a-kori-kura a Madadi zai iya gyara injinsa da kansa?

Da zarar kaka ta kama a yammacin Jihar Kano, babu motar da ke shan wuya kamar a-kori-kura. Ita ce ke bin burtali ta kwaso masara da dawa daga gona, ita ce ke kai buhuna kasuwar Getso da ta Gwarzo, wani lokaci ma har Dawanau. A hanyar dawowa kuma ta ɗauko siminti ko kwanon rufi ko kayan ɗakin amarya.

A Madadi, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Gwarzo, da ƙauyukan Kabo mai maƙwabtaka da ita, irin wannan mota jari ce. Idan ta kwanta mako guda a tsakiyar kaka, mai ita ya yi asarar kuɗin jigila, direba da yaron mota sun rasa na cefane, manomin da ke jiran a kwashe masa amfani kuma sai ya nemi wani.

Akwai matsaloli biyu da ke yawan addabar waɗannan motoci, waɗanda akasarinsu sun kwana biyu. Ta farko ita ce ƙarar da ke fitowa daga gaban inji idan an tayar da shi da sassafe, kamar ana jan sarƙa a cikin gwangwani. Ta biyu ita ce ɗigon baƙin mai da ake tararwa a ƙasa duk inda motar ta kwana.

Sau da yawa matsalolin biyu a wuri ɗaya suke, wato bayan murfin gaban inji. A nan sarƙar da kanikawa ke kira taimin cen take, a nan ne kuma robar tare mai ta gaba, wadda suke kira oyil sil, take zaune.

Tambayar da masu motoci ke yi a yanzu ita ce: mutum zai iya kwance wurin ya gyara da kansa a ƙofar gida, ko dole sai ya kai gareji?

Abin da ke sa mutane ɗaukar sifana

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, lissafin masu motar haya ya sauya. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 nan take, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama.

A watan Yunin 2023 ne kuma aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ke wajen Naira 460 a hukumance ta zarce 1,500 a farkon 2024. Da yake kusan duk kayan cikin inji daga ƙetare ake shigo da su, farashinsu ya bi Dala.

Ga kuma nisa. Daga Gwarzo zuwa birnin Kano tafiyar kimanin kilomita 70 ce, ta Kabo da Rimin Gado. Motar da injinta ya tsaya sai an janyo ta, kuma kuɗin ja kaɗai ya isa ya cinye ribar kwanaki.

Wayar hannu ma ta taka rawa. Matashin da ke da data zai buɗe YouTube ya ga yadda wani a Amurka ko Ostireliya ya kwance irin injinsa daga farko har ƙarshe.

Sai dai akwai bambanci da ya kamata a lura da shi. A Amurka kuɗin aikin bakanike ne ke da tsada, domin da awa ake biya, shi ya sa mutane ke gyara da kansu. A Najeriya kuwa kayan gyara ne suka fi cin kuɗi. Don haka wanda ya yi aikin da hannunsa a Madadi, abin da ya tsira da shi na kuɗin aiki kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da zai yi asara in ya kuskure. Ribar da ta fi girma ita ce ya san abin da aka sa masa a inji, kuma ya kauce wa zirga-zirga.

Mene ne aikin sarƙar?

Masu babur da yawa sun san taimin cen, domin injinan babura da dama ma suna da ita. Ta mota ta fi girma ne kawai.

A cikin inji akwai manyan sanduna biyu masu juyawa. Na ƙasa, wato karanshaf, shi fistin ke juyawa idan mai ya kama da wuta. Ɗayan kuma, wato kamshaf, shi ke buɗe bawul da rufe su domin iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita.

Sarƙar ce ke haɗa su, tana hawa kan wasu faya-fayai masu haƙora, irin waɗanda sarƙar keke ke hawa. Ƙa'idar ita ce duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf ya yi juyi ɗaya cif. Da haka ne kowane bawul ke buɗewa a daidai lokacinsa.

Domin kada sarƙar ta riƙa lilo, akwai abin da ke danne ta, wanda kanikawa ke kira ajasta. A injina da yawa ƙarfin baƙin mai ne ke tura shi. Akwai kuma wasu madogarai a gefe da gefe da take gogawa a kansu, waɗanda ake kira damfa.

Idan aka ce sarƙa ta miƙe, ba ƙarfen ne ya ja kamar roba ba. Ƙananan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta ne suka cinye. Kowace gaɓa ta ɗan saki, idan aka haɗa duka sai sarƙar ta ƙara tsawo.

Haɗarin shi ne ta tsallake haƙori. In ta tsallake ɗaya, mota za ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan mai, ta yi wuyar tashi. In ta tsallake da yawa ko ta tsinke, a injina da dama fistin zai haɗu da bawul yana buɗe ya lanƙwasa shi. Daga nan magana ta tashi daga sauya sarƙa ta koma sauke tof silinda, ko ma neman wani injin.

Sarƙa ce a motarka ko bel?

Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai mota ya tabbatar, domin ba kowace a-kori-kura ce ke da sarƙa ba.

Tsofaffin Peugeot 404 da 504, waɗanda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya riƙa harhaɗawa, da sarƙa suke aiki. Kamshaf ɗinsu a jikin injin yake ba a samansa ba, don haka sarƙar gajeriya ce.

A ɓangaren Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, injinan fetur irin su 3Y da 4Y da 22R da 3RZ da 2TR duk sarƙa gare su. Amma injinan dizal na 2L da 3L da 5L da 2KD bel ɗin roba mai haƙora suke amfani da shi. Sai a sabbin injinan dizal na GD da suka fito daga 2015 ne aka koma sarƙa. Injin dizal na 4D56 da ke cikin Mitsubishi L200 shi ma bel ne.

Bambancin yana da girma. Sarƙa a cikin baƙin mai take wanka, kuma takan yi gargaɗi da ƙara kafin ta gaza. Bel ɗin waɗannan injina a bushe yake aiki, ba ya son mai ko kaɗan, kuma yakan tsinke ba sallama. Shi ya sa ake sauya shi bisa yawan kilomitan da kamfani ya ƙayyade, ko da ana ganin lafiyarsa ƙalau.

A motar da ke da bel, yoyon robar gaba ba ƙaramar magana ba ce, domin man da ke tsatsowa yana jiƙa bel ɗin ya ruɓar da shi.

Sunan inji yakan kasance a kan ɗan ƙarfen da aka manna a cikin bonet ko a jikin ƙofa, kuma akan buga shi a jikin injin. Na jikin injin ya fi abin dogaro, saboda motoci da yawa a ƙasar nan an taɓa sauya musu inji.

Alamomin da ba a wasa da su

Ƙarar daƙiƙa biyu ko uku da safe, wadda ke ɗaukewa da zarar fitilar mai ta mutu, ita ce alamar farko. Tana nufin sarƙa ta fara sakewa, ko ajasta na jinkirin samun mai. Idan ƙarar ta zama ta dindindin, musamman lokacin da mota ke silo, to aiki ya riga ya zo.

A motocin da ke da kwamfuta, fitilar gargaɗin inji kan kama. In aka sa na'urar bincike ta nuna lamba P0016, ma'anarta karanshaf da kamshaf ba sa tafiya daidai da juna.

Injin 22R mai lita 2.4 na da wata matsala da masu shi a duniya suka daɗe da sani. Na farko-farko suna da sarƙa mai layi biyu, amma daga 1983 aka koma mai layi ɗaya, kuma damfarta ta roba ce. Idan sarƙa ta saki, takan yi ta dukan damfar har ta karye. Daga nan sai ta riƙa cin murfin gaban inji, wanda na alminiyam ne. A bayan wurin da take ci kuwa akwai hanyar ruwan lagireto. Ranar da ta huda, ruwa ya gauraya da baƙin mai.

Mai mota zai zaro geji ya ga mai ya koma kamar shayi mai madara. Nan take sai a ce masa tof gasket ce ta ƙone. Ana iya sauya gasket ɗin, a kashe kuɗi, matsalar kuma tana nan. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce a buɗe murfin saman inji a haska tocila ƙasa ta inda sarƙar ke bi. Za a ga ko damfa na nan, za a kuma ga sawun sarƙa biyu a jikin alminiyam in ta fara ci.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Kafin a zargi robar gaba ko ta baya, sai an gano ainihin inda man ke fitowa. Mai daga sama yake gangarowa, iskar fanka kuma tana kora shi baya. Don haka inda ake ganin ɗigo ba lallai nan ne tushen ba.

Abin yi shi ne a wanke injin tas da kalanzir da buroshi bayan ya huce, a bar shi ya bushe, a tayar da shi na ɗan lokaci, sannan a bi da tocila daga sama zuwa ƙasa. Kada a yi wankin da fetur, saboda tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara.

Sau da yawa za a tarar gasket ɗin murfin sama ce ta bushe, ko oyil filta ce ba ta ɗauru ba, ko ɗan makunnin fitilar mai ne ke tsatsa. Waɗannan gyara ne na ƙasa da awa guda, kuma kowa zai iya.

In robar gaba ce, za a ga man ya taru a bayan babban fulin da fambel ke hawa, ya kuma yi feshi a kewaye saboda juyawa. In ta baya ce, zai riƙa ɗiga daga mahaɗar inji da giyabos, wani lokaci ya jiƙa kuloci mota ta riƙa zamewa a kan hawa.

Abubuwa uku ne suka fi kashe waɗannan robobi. Na ɗaya shekaru da zafi, waɗanda ke busar da roba ta yi tauri. Na biyu ƙura. Motar da ke bin hanyoyin karkara, musamman da hunturu, ƙura kan manne da man da ke bakin robar ta zama kamar sanfefa, har ta yi wa ƙarfen da ke juyawa zobe. In zoben ya yi zurfi, sabuwar roba ma yoyo za ta yi, sai an sauya fulin ko an sa masa siririyar riga ta ƙarfe da ake yi domin haka.

Na uku shi ne toshewar mashaƙar inji. Kowane inji na da ɗan bawul ko tiyo a murfin sama da ke fitar da iskar da ke taruwa a ciki. In ya toshe, iskar za ta nemi hanya, kuma ta wajen robobin za ta bi. Wanda ya sauya roba bai duba wannan ba, bayan 'yan makonni zai sake ganin ɗigo.

Zuwa da kai ya fi aike

Ga mutumin Gwarzo ko Kabo, babbar cibiyar kayan gyaran mota ita ce kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. A can za a samu sabo na asali, da sabo na kamfanonin da ke kwaikwaya, da na hannu wanda ake kira Beljiyam.

Kayan hannu na da ranarsu. Murfin gaban inji ko fuli na Beljiyam mai lafiya yakan fi sabon jabu. Amma sarƙa da damfa da ajasta da roba da gasket kaya ne masu cinyewa, kuma sayen na hannu a cikinsu sayen wahalar wani ne.

Ana sauya su ne a tare. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙoran da suka cinye ba ta daɗewa, haka ma idan aka bar mata tsohon ajasta. Tunda an riga an buɗe wurin, yana da kyau a duba wata famfo, domin a wasu injina a jikin murfin yake.

Zai fi kyau mutum ya je da tsofaffin kayan a hannu, tare da sunan inji. A jera tsohuwar sarƙa da sabuwa a ƙirga gaɓoɓi. A duba lambobin da ke jikin roba, waɗanda ke nuna faɗinta na ciki da na waje da kaurinta. Injin 22R kansa kayan sarƙarsa sun bambanta tsakanin na farko da na baya, don haka suna kaɗai ba ya wadatarwa.

A kuma yi yarjejeniya da mai shago tun kafin a biya, cewa in kaya bai yi daidai ba za a dawo da shi. Araha dai ba ta ado, musamman a kan abin da sai an kwance rabin inji kafin a kai gare shi.

Yadda aikin yake

Tsarin ya ɗan bambanta daga inji zuwa inji, amma ginshiƙansa ɗaya ne.

Da farko a samu wuri mai inuwa da daɓe, inda iska ba ta kwaso yashi. Inji a buɗe ba ya shiri da ƙasa. A shimfiɗa leda ko buhu mai tsabta, a tanadi gwangwanaye na zuba notina. A sa wa tayoyi waigi gaba da baya, a cire kan batir na baƙar waya. In za a shiga ƙarƙashi, kada a dogara da jak shi kaɗai, kada kuma a ɗora mota a kan bulo, domin bulo na fashewa ba gargaɗi.

Bayan inji ya huce sai a juye ruwa da baƙin mai, a cire lagireto da fanka da fambel da duk abin da ya tare gaba. Kafin a taɓa kowace waya ko tiyo, a ɗauki hotonta da waya. Wannan shi ne babban amfanin wayar a wannan aiki.

Mataki mafi muhimmanci shi ne daidaita maki. A cire fulogogi, a juya injin da hannu har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa a lokacin da bawul ɗinsa duka ke rufe. Makin da ke jikin fuli zai tsaya a kan sifili, na faifan kamshaf kuma ya fuskanci alamarsa. A injin da ke da distiribita, a yi alama da fenti a inda kansa ke kallo kafin a zare shi. Daga lokacin da aka cire sarƙa, ba a sake juya karanshaf ko kamshaf.

Notin tsakiyar fuli shi ne ya fi taurin kai. Wasu kan tokare doguwar sifana da jikin mota su murza makulli domin ƙarfin kik ya kwance shi. Dabarar na aiki, amma in sifanar ta kuɓuce tana iya karya hannu ko fasa wani abu. Hanya mafi aminci ita ce a sa mota a babbar giya, wani ya taka birki, a ja da dogon bututu. Fulin kansa da abin zaro shi ake cirewa. Dukansa da guduma ko ɓamɓararsa da ƙarfen taya na lalata shi.

Notinan murfin gaba ba tsawonsu ɗaya ba. A zana siffar murfin a jikin kwali, a huda, duk notin da aka cire a soka shi a gurbinsa. Dogon noti a gurbin gajere na iya fasa alminiyam ko taɓa sarƙa. A injin 22R akwai wani noti da ke ɓoye a sama, a gaban tof silinda, wanda mai kan rufe shi. Wanda bai san da shi ba zai yi ta ɓamɓarar murfi har ya tsaga shi.

In an tarar damfa ta karye, gutsattsarinta na cikin kaskon mai na ƙasa, wanda kanikawa ke kira botom filet. Dole a sauke shi a wanke, a kuma wanke rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. In aka bar su za su toshe rariyar, inji ya rasa mai ya buga.

Sabuwar sarƙa kan zo da gaɓoɓi masu launi daban ko masu sheƙi. Su ake ɗorawa a kan makin da ke jikin faya-fayan. Daga nan a kankare tsohuwar gasket ba tare da an karce ƙarfe ba, a sa gam siriri a inda ya dace kawai. Gam mai yawa yakan matso ta ciki, ya gutsure, ya toshe hanyoyin mai.

Ita kuma robar, gefen da ke da ɗan zoben waya shi ke kallon cikin inji. A shafa wa bakinta sabon mai, a tura ta a miƙe da wani abu mai faɗinta, a hankali, har ta zauna daidai.

Ɗaurin noti na da awo. Notin fulin 22R, alal misali, littafin kamfani ya ce a ɗaure shi a kan 157 a ma'aunin Nm. Ƙananan notinan murfi kuwa ɗauri kaɗan suke so. Wanda ba shi da sifana mai awo ya aro ko ya yi haya.

Kafin a murza makulli, a juya injin da hannu sau biyu cikakku. In ya cije a wani wuri, kada a tilasta masa, alama ce bawul ya haɗu da fistin. In ya zagayo lafiya, a sake duba maki. Wannan binciken na minti biyar shi ne ke raba gyara da ɓarna.

Inda ya kamata a ja birki

Hausawa na cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ana iya kasa wannan aiki gida uku.

Akwai wanda duk mai mota mai natsuwa zai iya: gano inda mai ke yoyo, sauya gasket ɗin murfin sama, wanke mashaƙar inji, da leƙa lafiyar damfa. A injina masu sarƙa da yawa, har robar gaba ana iya sauyawa ba tare da an taɓa sarƙar ba, in dai an iya cire fuli.

Akwai na tsakiya, wato sauya sarƙa a tsofaffin injinan fetur masu sauƙi irin 504 ko 4Y ko 22R. Wanda ya saba kwance injin ban-ruwa ko na niƙa ko babur, yana da kayan aiki da bayanin injinsa, zai iya. Amma ya ware kwana biyu, kuma a karon farko ya samu wanda ya taɓa yi ya tsaya a kansa.

Sai wanda ya fi kyau a bar wa masu shi. Robar baya na buƙatar sauke giyabos, mai nauyin da zai iya danne mutum, ga cire kuloci da babban faifan bayan inji. Injinan dizal na da famfon mai da shi ma sai an daidaita lokacinsa. Sabbin injina irin 2TR na da na'urar sauya lokacin bawul da ƙananan na'urorin kwamfuta da kuskure kaɗan ke rikita su. Haka kuma in sarƙa ta riga ta tsinke ko ta tsallake mota na tafiya, sai an gwada bawul kafin a san girman ɓarnar.

Akwai kuma hanya ta tsakiya da ta fi dacewa da mutane da yawa. Mai mota ya je Ƙofar Ruwa ya sayo kayansa da kansa, ya ɗauko bakanike daga Gwarzo ko Getso ko Kabo, a yi aikin a gabansa. Ya nemi a nuna masa maki kafin a rufe murfi, ya ga an sauke kaskon mai, ya karɓi tsofaffin kayansa. Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin mai motar da ya san abin da yake tambaya. A wajen jinga kuma, a yi magana a fili kan abin da zai biyo baya in yoyo ya dawo.

Bayan an rufe bonet

Da an tayar da inji, ido na kan fitilar mai. In ba ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan ba, a kashe nan take. A bar mota ta yi zafi a tsaye, a duba yoyo, a ƙara ruwa bayan ta huce. Kada a buɗe lagireto da zafi. In ruwa ya taɓa shiga cikin mai, a sake yin juye da sauya filta bayan 'yar gajeriyar tafiya.

Tsohon man da aka juye a zuba shi a jarka a rufe. Kada a zubar kusa da rijiya ko a kwata ko a gona, kada kuma a shafa wa dabba a kan ciwo, domin yana ɗauke da ƙarafa da guba daga cikin inji.

Tsawon ran sabuwar sarƙa ya dogara ne kacokan a kan baƙin mai. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha kama gurɓataccen man inji a kasuwannin ƙasar nan tare da gargaɗin jama'a a kansa. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, na iya cinye cikin shekara guda abin da aka gina domin ya yi shekaru. Motar da ke ɗaukar kaya masu nauyi a hanya mai ƙura na buƙatar juye akai-akai fiye da motar birni, tare da tsabtace matatar iska.

Lokacin yin aikin ma abin dubawa ne. Wanda ya ji ƙara da damina, ya fi masa sauƙi ya tsayar da mota kwana biyu kafin masara ta bushe, lokacin da jigila ba ta yi yawa ba kuma yana da sararin zuwa Kano ya zaɓi kaya a tsanake. In ya bari sai sarƙar ta tsinke da buhuna a baya a kan hanyar Dawanau, zai biya kuɗin ja, ya biya na wata motar da za ta kwashe kayan, ya sayi duk abin da ya samu a farashin da aka yanka masa, sannan abokan cinikinsa na kaka su koma wajen wani.